Amanar da Na Ci a Marwa

Tun da muka dawo ba a bar kunnena ya huta ba. A gidan suna, a wajen kitso, har a islamiyya, tambayar ɗaya ce: "Jummai, yaya ƙasar waje?" Wata ma cewa ta yi na yi haske, ruwan can ya karɓe ni. Nakan yi murmushi in ce lafiya lau, domin labarin ba na faɗa a tsaye ba ne. Yau dai na sami littafin rubutu na zauna, zan ba ku shi daga tushe. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Kun san ni da karatun littattafan soyayya. A cikinsu in an ce za a fita da mutum waje neman magani, jirgi ake hawa, matar tana riƙe da hannun mijinta, hawaye guda ɗaya yana gangara a kumatunta. Ni ma haka na daɗe ina zana wa kaina ranar da zan tsallake iyakar Nijeriya. Ga yadda tawa ta zo.

Maigidana, Abban Nana, shi ne mai shagon turaren nan na kasuwar Azare. Shekara goma sha biyu da suka wuce, tun kafin ya san ni, mota ta kife da shi a hanyar Itas, ƙugunsa na hagu ya ragargaje. Yayansa, Yaya Alhaji na Katagum, shi ya kai shi Kano, aka cire ƙashin da ya lalace aka sa masa na ƙarfe. Ya warke sarai, ɗingishin ma sai mai lura. Lokacin da yake zuwa zance gidanmu, ƙamshinsa ke riga sallamarsa shigowa, ƙannena su ce, "Yaya Jummai, ga iskarki nan ta kaɗo." Shi kuwa Yaya Alhaji babu taron da zai zauna bai ba da labarin ƙarfen nan ba. Yakan ce, "Ƙarfen Jamus ne. Jikokinsa ma sa gada."

Da daminar bara ciwon ciki ya fara masa. Murɗa, zazzaɓi, yau gudawa, gobe kuma ya yi kwana uku bai zaga ba. Aka ce taifot, aka ce olsa, aka ce basir ne na ciki. Ya sha na asibiti ya sha na gargajiya, yana ta ramewa. Babu wanda ya kawo ƙarfen a ransa. Ina ruwan ciki da ƙugu, bayan shekara goma sha biyu?

Sai tsohon tabon ɗinkin ya kumbura, ya fashe, ya fara zubar da ruwa. Muka ce maruru ne. Bayan 'yan makonni ruwan ya sauya launi, warinsa ya koma irin wanda ba sai na faɗi sunansa ba. Ni ke wanke wurin safe da yamma, ƙofa a rufe, in ɗaure masa da tsummoki masu tsabta, shi kuma ya bi jikinsa da turare. Wata rana ina cikin ɗaurewa ya riƙe hannuna.

"Jummai, ki riƙe mini wannan. Garin nan da ƙamshi ya san ni. In aka ji, wa zai sake karɓar turare daga hannuna? Wa zai tsaya kusa da ni a sahu? Kuma Yaya zai ga kamar aikinsa nake kushewa. Ki rantse."

Na ce wallahi ba zan faɗa wa kowa ba. Allah ya yafe mini, har wani daɗi na ji a raina, ina ganin kaina cikin matan nan na littafi da ke riƙe sirrin masoyi har kabari. Daga ranar, duk likitan da ya je gani sai ya ɗaga rigarsa iya cibiya ya nuna ciki ya ce, "Nan ne." Ba ya bari a sauka ƙasa.

Wani maƙwabcinmu mutumin Barno ne ya ba da labarin wani asibitin mishan a bayan garin Marwa, a Kamaru, wai akwai likitan da hannunsa ke da kyau a kan ciki. Yaya Alhaji ya yanke magana, za a tafi. Bai so a je da ni ba, ya ce mace a hanya kaya ce. Abban Nana ya ce, "Ita ta san abincina, Yaya." Ni da shi mun san ba abinci yake nufi ba. Na kai 'yarmu Nana wajen mahaifiyata, na haɗa jaka biyu, ɗaya ta tufafi, ɗaya ta tsummoki da auduga da kwalaben turare.

Muka fara zuwa Katagum yi wa Inna, mahaifiyarsu, sallama. Idonta ya yi rauni, da hannu take ganin mutum. Ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ta daɗe a kan kumatunsa da suka faɗa.

"Habu, turaren nan ya yi yawa. Ango za ka koma?"

Ya yi dariyar yaƙe. Ta jawo wani ƙullin leda daga ƙarƙashin filo, kantun riɗi ne da ta sa aka yi masa, wai tun yana yaro in ya ƙi abinci shi yake ci. Ni kuma ta kamo hannuna ta ce, "Ga shi nan, 'yar nan. Ki dawo mini da shi." Na ce in Allah ya yarda.

Washegari da safe muka shiga fijo a tashar Azare, mai zuwa Maiduguri. Yaya Alhaji ya kama wa Abban Nana gidan gaba, shi kuwa ya ƙi, ya ce iska yake so, ya zauna baya a jikin taga. Na zauna ta hagunsa, na rufe ƙugun da jikina. Kusa da ni wata mata ce mai buhun daddawa a kan cinyarta. Ban taɓa son warin daddawa irin na ranar ba. A zuciyata addu'a nake mata.

Har Potiskum lafiya lau. Daga nan ramuka suka fara. Duk ramin da muka faɗa sai in ji yatsunsa sun nutse a gwiwata. Kafin Damaturu rana ta take, na ji danshi yana ratso zanena ta gefen da yake. Wani mai hula a kujerar tsakiya ya fara shaƙar hanci.

"Direba, tsaya. Wallahi wani ya tako wani abu."

Direba ya gangara gefen titi. Aka ce kowa ya duba takalminsa. Mutane suka fita suna ɗaga ƙafa ɗaya ɗaya, Yaya Alhaji ma ya cire nasa yana dubawa. Abban Nana ya runtse ido, gumi na bin wuyansa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ai daddawar nan ce, rana ta buge ta."

Matar ta juyo kamar na mare ta. "Daddawar wa? Ke yarinya, ki iya bakinki! Shekara ashirin ina wannan sana'a, gidan manya ake cin daddawata. Ke da kike ta ƙamshi kamar gawa, ba ki ji naki ba?"

Aka yi dariya, aka ba ta haƙuri, aka ɗaure buhun a saman mota. Har Maiduguri ba ta sake kallona ba. Baiwar Allah, in labarin nan ya taɓa isa kunnenki, daddawarki ba ta da laifi, ki yafe mini.

A Maiduguri gidan wani abokin cinikin Yaya Alhaji muka sauka. Barebari sun iya karɓar baƙo. Kafin mu wanke ƙafa an kawo burabusko da miya mai nama, ga kaskon turaren wuta a kowane lungu. Mu a Azare sai da dalili ake kunna turaren wuta, su kuwa kamar numfashi ne a wajensu. Abban Nana ko loma bai kai ba. Na gyara masa ciwon a ɗakin da aka ba mu, na ƙulle tsummokin da suka ɓaci a leda biyu, na tura ƙasan jaka, don ban ga inda zan wanke su ba a gidan mutane.

Da na fito tsakar gida alwalar magariba, tsohuwar gidan, Ya Falmata, ta yafito ni. Tana zaune tana haɗa humra a ƙaramar tasa.

"Zo nan, matar mai turare. Ni ma sana'ata ke nan tun ina budurwa." Ta rage murya. "Ƙamshi iri biyu ne. Akwai na ado, akwai na rufi. Na mijinki na rufi ne."

Na ce tafiya ce da zafi.

"Ban tambaye ki ba, kada ki yi mini ƙarya a banza. Asibiti za ku, ko? To ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Ta ci gaba da juya humrarta kamar ba ta ce komai ba. Na yi sallar nan ban san me na karanta ba.

Da safe muka kama hanyar Bama. A mota Yaya Alhaji ya matsa wa Abban Nana sai ya sa wani abu a cikinsa. Shi kuma ya ce in miƙo masa kantun Inna. Ya ci guda ɗaya da rabi, a hankali, yana kallon taga. Na ji daɗi, na ce ko ba komai ya ci.

Banki ita ce iyaka. Ni da na zaci zan ga wata babbar ƙofa da tutoci, sai na tarar da kasuwa. Gari ɗaya ne, sanda aka gitta a tsakiyar titi, nan Nijeriya, can Kamaru, awaki suna wucewa ta ƙarƙashi babu mai tambayarsu takarda. Na ɓangarenmu suka duba takardunmu suka sallame mu. Jandarmomin can ne, wato 'yan sandansu, suka ce a sauke kaya. Wani siriri mai jan ido ya buɗe jakata ta biyu, ya fito da kwalaben turare yana jerawa a kan tebur, yana magana da Faransanci. Wani ya fassara, wai in na sayarwa ne sai an kai ofis. Yaya Alhaji ya shiga yi musu bayani da Fulatanci, yana nuna ƙaninsa da ke zaune a benci, kansa a jingine da bango. Sai na ga hannun jandarman ya kai ƙasan jakar, ya ɗago ƙullin ledar nan, ya fara kwance bakinta. Yaya Alhaji yana tsaye taku ɗaya daga wurin.

Na ce da ƙarfi, "Kayan mata ne!"

Mai fassara ya faɗa masa. Ya saki ledar kamar ta ƙona shi, ya goge hannu a wando. Yaya Alhaji ya juya baya yana gyaran murya, ya shiga kallon wata babbar mota da ba ruwansa da ita. Suka mayar mini da kwalabena, ban da ɗaya da jandarman ya ce ta yi masa. Ƙarya ta uku ke nan a kwana biyu, kuma na lura kowace ta fi ta baya sauƙin fita.

Daga nan sai Mora, sai Marwa da yamma. Gari ne mai inuwa, bishiyoyin maina jere a bakin titi. Abin da ya fara ɗaure mini kai mata ne a kan babur, su ke tuƙawa da kansu, da zanensu da ɗankwalinsu, babu mai waiwayarsu. Burodinsu kuma dogo ne kamar taɓarya, mai tauri, a hammata ake saƙale shi ba leda. Na ce da a Azare ne a ce ba ka da tsabta. Hausa ba ta da kasuwa sosai a can, Fulatanci ne ko Faransanci. Kakata ta wajen uwa Bafulatanar Giade ce, a hannunta na tashi, don haka ina ji, ina kuma ɗan mayarwa.

Asibitin yana bayan gari. An yi wa masu jinya 'yan ɗakuna jere a gefe, kowane da murhunsa a ƙofa. Tsarinsu shi ne, ba kowa ke ganin babban likita ba. Da safe ana bin layi wajen wani ma'aikaci, ya saurari mutum, ya duba shi. In ya ba ka jan kati, ka wuce wajen likitan tiyata. In fari ne, ka karɓi magani ka koma gida.

Muka bi layi tun hantsi bai yi ba. Na ga matan can suna shiga tare da mazajensu, wata ma ita ke yi wa mijin bayani yana gyaɗa kai. Da aka kira mu na miƙe, Yaya Alhaji ya ɗaga mini hannu.

"Zauna nan, Jummai. Maganar maza ce."

Na zauna. Ba su daɗe ba suka fito, Yaya Alhaji yana fara'a, farin kati a hannunsa.

"Alhamdulillahi! Tsutsar ciki ce da ragowar taifot. Kin gani? Mun sha hanya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Gobe da asuba sai gida."

Na dubi Abban Nana. Ya kawar da kai. Na san iya cibiya ya ɗaga rigar.

Bayan la'asar Yaya Alhaji ya tafi cikin gari neman motar da za mu bi. Na rufe ƙofa na kwance ɗaurin. Jikin Abban Nana zafi kamar tukunya, ƙugun ya kumbura ya yi sheƙi. Na danna gefen ramin da auduga kamar kullum, na kai ta wajen taga don in ga ko akwai jini. Sai na ga wasu 'yan ƙwayoyi farare a jiki. Na sa farce na taɓa ɗaya. Riɗi ne. Riɗin kantun Inna da ya ci jiya a hanyar Bama.

Wata biyar ina gaya wa kaina maruru ne mai mugun ruwa. Maruru ba ya fitar da abin da mutum ya ci.

"Abban Nana, duba."

Ya duba, ya mayar da kansa kan filo.

"Abincinka ne ke fita ta nan. Hanjinka ya huje. In muka koma gida da wannan farin katin, gawarka zan kai wa Inna."

"Rai na Allah ne."

"Na sani. Ka bar ni in faɗa musu."

"Kin rantse, Jummai."

"Ka warware mini."

"Ba zan warware ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Gara in mutu ana cewa ciwon ciki ne. Ki rufe wurin, Yaya ya kusa dawowa."

Na rufe wurin. Na ɗaure shi da kyau, na gyara masa riga. Audugar kuma na naɗe ta a leda na soke a bakin zanena. Na ce za ni ɗebo ruwa, na ɗauki bokiti na fita.

A littafi a irin wannan wuri matar takan yi dogon tunani, shafi biyu ko uku. Ni ban yi tunanin komai ba. Na ajiye bokitin a bakin famfo na miƙe ɗakin da aka duba shi. An tashi, sai wata ma'aikaciyar jinya mai jiki, tana kulle taga. Sunanta Madam Asta, daga baya na sani. Na gaishe ta da Fulatanci, ta ce an rufe, sai gobe. Na ce gobe ba ma nan. Na kwance ledar na miƙa mata.

Ta kalla, ta kai hanci, ta kalle ni.

"Daga ina wannan ya fito?"

"Daga ƙugun mijina. Akwai ƙarfe a ciki, shekara goma sha biyu."

"Wanda aka ba farin kati ɗazu? Mai ƙamshin nan? Me ya sa bai faɗa ba?"

"Kunya."

Ta ja tsaki mai tsawo, ta faɗi wata kalma da Faransanci da na tabbata ba yabo ba ce. Ta ce in tsaya nan kada in motsa.

Tare da likitan ta dawo, wani dogon mutum mai furfura, mutumin kudancin ƙasarsu. Muka nufi ɗakinmu, ni a gaba kamar mai kai 'yan sanda gidan ɓarawo. Muna isa Yaya Alhaji yana isowa, burodi biyu a hammatarsa.

"Lafiya? Me ya faru?"

Likitan ya durƙusa a gaban katifa, ya yi sallama, ya sa hannu ya ɗaga rigar, ya wuce cibiya. Abban Nana bai hana shi ba. Ni yake kallo. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a idonsa ba, babu faɗa a ciki, da ma faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Da aka kwance ɗaurin warin ya cika ɗakin. Yaya Alhaji ya ja da baya har ya bugi ƙofa, yana salati.

Kafin magariba an ɗauki hoto, an sa masa ƙarin ruwa. Likitan ya ɗaga hoton a jikin fitila yana bayani, Madam Asta tana mayar mana da Fulatanci. Ya ce ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ne ya cinye a hankali cikin shekaru, ƙarfen ya nutsa ciki, ɗaya daga cikin ƙusoshinsa ta riƙa gugar hanji har ta huda shi. Ƙazanta ta sami hanya, ta bi ta jikin ƙarfen ta fito ta tsohon ɗinki.

Yaya Alhaji ya ce, "Amma ƙarfen Jamus ne fa."

Likitan ya ce ƙarfen lafiyarsa ƙalau, mutumin ne ke mutuwa. Ya ce ƙwayar cuta ta fara shiga jini. Za su buɗe shi da safe, su cire ƙarfen, su yanke inda hanjin ya ruɓe. Bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce da mun kama hanya gobe, ba ya jin za mu wuce Maiduguri da shi.

Da safe da za a tura shi ɗakin tiyata na matsa kusa da gadon. Na ce, "Abban Nana, ka yafe mini." Ya rufe ido. Aka shige da shi.

Muka zauna a benci ni da Yaya Alhaji, tsakaninmu wurin zaman mutum uku. Hantsi ya yi, rana ta take, ƙofar ba ta buɗe ba. Duk wanda ya fito da farar riga sai mu miƙe tare, ya wuce, mu koma mu zauna. Can ya yi magana, bai dube ni ba.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar, Yaya."

"Wata biyar kina gani kika yi shiru."

"Ya sa na rantse."

Ya daɗe yana jan carbi. Na jira faɗa. Sai na ji muryarsa ta karye.

"Ni yake jin nauyi, ko? Saboda surutuna a kan ƙarfen nan. Ni na goya yaron nan, Jummai. Da ya ce mini ƙarfen ne, da haƙorina zan cire shi."

Ya sa hannun riga ya share fuska. Da aka kira azahar ya tafi masallaci, ya dawo da ruwan leda biyu, ya ajiye ɗaya kusa da ni. Tun da na shigo gidansu bai taɓa miƙo mini komai da hannunsa ba.

Sai bayan la'asar Madam Asta ta leƙo. Ta cire ƙyallen bakinta ta ce, "Yana numfashi." Na zame daga benci na yi sujada a kan siminti.

Mako bakwai muka yi a can. An cire ƙarfen, ƙafar ta gajarce, da sanduna biyu yake tafiya yanzu. An fitar masa da bakin hanji ta gefen ciki, da 'yar jakar roba da ake mannawa, sai ciki ya warke za a mayar a haɗe. Na yi kaffarar rantsuwata tun muna can. Na koyi cin burodin hammata, har na zo da guda biyu tsaraba, suka bushe kafin Damaturu. Mun dawo ta hanyar da muka bi, mun kai wa Inna ɗanta, ta shafa fuskarsa ta yi kuka. Wannan rubutun ma da saninsa nake yi. Amma ban gaya muku yadda muka shirya ba.

Kwana shida bayan aikin bai ce mini ko sannu ba. Yana magana da yayansa, yana gode wa ma'aikata, in na shigo sai ya juya fuska bango. In na kawo kunu ba ya karɓa sai Yaya Alhaji ya miƙa masa. Nakan fita bayan ɗaki in yi kukana, ba hawaye guda ɗaya mai gangara a kumatu ba, kuka na majina. Na fara lissafin cewa da mun isa Azare takardata zai ba ni, na kuma ce wa kaina ko da haka ne, gara in zama bazawarar mai rai.

Ran kwana na bakwai Madam Asta ta shigo da tire, da almakashi da sabuwar jaka. Ta ce daga yau ba ita za ta riƙa sauyawa ba, dole wani daga cikinmu ya koya. Ta tambaya wane ne. Ina can bakin ƙofa, ban motsa ba. Yaya Alhaji ya miƙe, ya cire babbar rigarsa, ya fara naɗe hannun ta ciki.

"Ni ne. Nuna mini."

Abban Nana ya juyo daga bango a hankali. Ya dubi yayansa, sannan idonsa ya zo kaina.

"Zauna, Yaya. Hannunka rawa yake, za ka ɓata musu kaya." Ya yafito ni. "Jummai, tsayuwar me kike yi a can? Ke kika jawo mana wannan aikin. Zo ki koya."

Na wanke hannu na zo.